Kaka a Jikin Bango

Akwai wani saurayi mai sana'ar fenti da ya dawo gida bayan shekaru da dama yana aiki a wata ƙasa mai nisa. Shi ne auta a gidansu. Tun yana yaro ba ya iya zama wuri ɗaya, har matar yayansa ta laƙaba masa Jaka-a-Kafaɗa tun kafin su haɗu ido da ido.

Da ya sauka, komai ya canza masa. An sare bishiyar ƙofar gida, an kafa turken fitila a wurin. Shagon mai aski ya koma wurin cajin waya. Ɗakinsa ya zama ma'ajiyar katifu da tsofaffin tukwane. Umma, mahaifiyarsa, ta fara tafiya tana dafa bango. Yayansa ya yi aure, ya yi tumbi, har da 'ya mace da ba ta kai shekara biyu ba. Ɗigo ake kiranta, saboda ƙanƙantarta ranar da aka haife ta.

Kujerar Baba tana nan a falo, amma babu Baba. Ya rasu 'yan watanni kafin wannan dawowa. Auta bai samu zuwa ba. A waya ya yi kukansa, ya share fuska, ya koma bakin aiki.

Duk waɗannan ya haɗiye su. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne bangon falo.

Yana shiga ya ja ya tsaya, jakarsa a hannu.

"Innalillahi! Wa ya yi wa bangon nan wannan aika-aika?"

Daga ƙasa har zuwa ƙugun mutum, bangon cike yake da tafin hannun jariri. Ja, ɗorawa, kore, wani kan wani. Ga sawun ƙafa, ga zanen soso, ga kwali da aka yanka kamar kifi aka manna masa murfin kwalba a matsayin ido.

Matar yayansa ta fito daga kicin tana dariya.

"Sannu da zuwa, Jaka-a-Kafaɗa. Ko gaisuwa babu, sai faɗa? Aikinmu ne ni da Ɗigo."

"Anti, wannan aiki ne? Inda na fito, in ka yi wa bango haka sai mai gida ya kore ka."

"To nan mai gidan ne ya ba mu bangon da kansa. Ajiye jakar ka zauna, in ba ka labarinsa."

"Anjima, Anti. Bari in leƙa abokaina."

Bai zauna ba.

Washegari ya tarar da su a ƙasa, an shimfiɗa tsohuwar leda. Anti ta dama fulawa da ruwa a 'yan kofuna, ta ɗiga kalar abinci a kowanne, don ko yarinyar ta kai baki babu komai. Ɗigo kuwa daga ita sai kamfai, ta tsoma hannu biyu cikin kore, ta shafa a ciki, ta shafa a kai, tana ƙyalƙyala dariya. A gefe ga kayan wasanta, ga robar ruwa da aka zuba wa 'yan duwatsu aka ɗaure murfin, ga tsohuwar safa da aka ɗinka wa idanu.

Auta ya riƙe haɓa.

"Yanzu abincin da mutane ke ci ne kuke shafa wa bango?"

"Cokali biyu ne, malam mai fenti. Zo ka sa hannu."

"Ni? Allah ya kiyaye. Fenti sana'a ce, ba wasan yara ba."

"Wasan yara ne ya sa ta iya riƙe cokali da kanta," in ji Anti. "Kai da girmanka ko kofin shayi ba ka iya gamawa a zaune."

Jama'a, ga abin da Auta bai sani ba, kuma gara ku ku sani tun yanzu.

Kafin Baba ya rasu, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Magana ta ɗauke, hannun dama ya lanƙwashe, yatsun suka dunƙule. Kullum yana zaune a kujerar nan yana kallon jikarsa tana wasa da kala. Wata rana sai ya yi ta nuna kofin shuɗi da ido. Anti ta gane. Ta kama hannun nan da ya shanye, ta tsoma shi cikin shuɗi, ta danna shi jikin bango dab da kujerarsa.

Da yake yatsun ba sa miƙewa, abin da ya fito bai yi kama da hannu ba. Wani dunƙulen shuɗi ne kawai, mai kauri, da 'yan layuka a samansa. Amma ranar Baba ya yi dariya da rabin bakinsa, dariyar da ba a ƙara gani ba har ya koma ga Ubangijinsa.

Wannan dunƙulen shi ne abu na ƙarshe da hannun Baba ya bari a duniya. Kowace safiya Umma takan dafa shi in za ta wuce. Ɗigo kuma takan je ta buga shi da tafinta ta gaishe shi.

Auta ya ga dunƙulen, ba wai bai gani ba. A idonsa shi ya fi komai muni. Ya kuma lura da wani fili fari a gefen damansa, daidai faɗin littafi, wanda ba a taɓa ba. Har ya ce a ransa, nan ne kaɗai wurin da ya tsira.

Wata safiya aka bar shi da Ɗigo a falo, Anti tana wanke-wanke. Yarinyar ta tako da 'yar tafiyarta ta tangaɗi, ta buga dunƙulen, ta juyo ta kalle shi.

"Kaka!"

Auta ya fashe da dariya. A ƙasar da ya daɗe, in ƙaramin yaro ya nuna abu ya ce kaka, ƙazanta yake nufi, kashi ko wani abin ƙyama. Kullum haka yake ji a bakin 'ya'yan maƙwabtansa, har kunnensa ya saba.

"Yauwa 'yata! Ke ma kin san ƙazanta ce ko?"

"Kaka," ta sake cewa, tana shafa wurin.

"Kaka ce mana. Bari Baffanki zai gyara miki."

Ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa da harshen gidansu yarinyar take magana.

Umma ma ta so ta gaya masa. Ta ce, "Auta, zo zauna nan kusa da ni, mu yi maganar Babanka." Amma da ya ji sunan Baba sai ya lalubi waya.

"Umma, ana jirana. In na dawo."

In ya dawo kuma sai wani fitan.

Hutunsa ya kusa ƙarewa, sai ya yanke shawarar barin musu kyauta da za su daɗe suna tunawa da shi. Ranar da aka kai Ɗigo allurar rigakafi, Umma ta bi su don a duba mata hawan jini, Yaya kuma yana wurin aiki. Gida ya zama nasa shi kaɗai.

Ya sayo farin fenti. Ya janye kujerar Baba, ya cire kifin kwali, ya kawo bokiti da soso. Ƙwararre ba ya shafa fenti kan datti, sai ya wanke tukuna. Fulawa da kala kuwa ba sa jayayya da ruwa. Hannuwan Ɗigo suka narke ɗaya bayan ɗaya suna gangarowa ƙasa.

Dunƙulen shuɗin ne kawai ya yi gardama, don ya fi kauri. Auta ya sa wuƙa ya kankare shi tas, yana fito. Ya ɗauki bokitin ya juye ruwan a magudana.

Kafin su dawo bango ya yi fari fat, ko ɗigon tabo babu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi, yana jiran godiya.

Anti ce ta fara shiga. Jakar da ke hannunta ta faɗi.

"Auta... me ka yi?"

Ba ta taɓa kiransa da Auta ba sai ranar.

"Kyauta ce, Anti. Ba ki ga yadda ɗakin ya yi haske ba?"

"Ka shafa a kai ne? Ka ce min a kai ka shafa. In a kai ne, ko za a iya kankarewa a hankali..."

"Haba, ni ɗan koyo ne? Sai da na wanke shi fes, na kankare."

Anti ta ɗora hannu biyu a ka.

Umma ta shigo a bayanta. Ta kalli bangon. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta miƙa hannu kamar za ta dafa wurin da ta saba, sai hannun ya tsaya a iska. Ta zauna a ƙasa.

"Umma! Mene ne? Wai mene ne? Hannun yarinya ne fa, gobe ma za ta yi wani!"

Ɗigo ta zame daga bayan uwarta, ta taka zuwa bangon. Ta tsaya daidai wurin, ba ta kuskure ko da yatsa ba. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta leƙa bayan kujera. Sannan ta juyo da idanu cike da tambaya.

"Kaka?"

A wannan karon kalmar ta shiga kunnensa da Hausa.

Ya kalli kujerar. Ya kalli tsayin wurin, daidai inda hannun mutumin da ke zaune zai kai.

"Anti... shuɗin nan... na waye?"

"Hannun Baba ne," in ji ta. "Wanda ya shanye."

Auta ya fita da gudu zuwa magudana. Ya durƙusa, ya sa hannu cikin ruwan datti yana lalube kamar wanda ya yar da zobe. Babu komai sai kumfar sabulu.

Da Yaya ya dawo ya ji, sai da ya cakumi wuyan rigarsa.

"Wa ya aike ka? Ka tambayi wani? Gidan nan ka zo gyarawa ko mu ka zo gani?"

"Sake shi," in ji Umma. "Ba shi ya fi mu rashi ba? Mu mun gani mun more. Shi da hannunsa ya goge bai san me ya goge ba."

Daga nan ta ce, "Auta, zo zauna."

Ya zo ya zauna a ƙasa gabanta. Tun da ya sauka, wannan ne karon farko da ya zauna babu waya a hannunsa.

"Ka lura da wani fili fari a gefen hannun?"

"Na gani, Umma."

"Ranar da aka yi, matar yayanka ta so ta sa hannun Ɗigo a wurin. Babanka ya yi ta gurnani yana ture ta da kafaɗa. Na ce, wa kake ajiye wa wurin, ni? Ya girgiza kai. Na ce, yayan? Ya girgiza kai. Na ce, Auta? Sai ya lumshe ido, hawaye suka zubo. Tun ranar ba wanda ya taɓa wurin. Ko Ɗigo an hana ta. Kai muke jira."

Auta ya kifa kansa a gwiwar Umma ya yi kukan da bai gama yi a waya ba.

Anti ta kwana biyu ba ta yi masa wasa ba, ba ta kuma faɗa masa baƙar magana ba. Ranar da zai tafi da safe, sai ta shimfiɗa tsohuwar ledar nan a falo, ta dama fulawa, ta ɗiga shuɗi.

"Malam mai fenti, zo ka sa hannu."

"Anti, a gefen me? Babu komai a wurin."

"Ɗigo ta san wurin. Ɗigo, ina Kaka?"

Yarinyar ta taka ta buga farin bango. "Kaka."

Auta ya tsoma hannunsa na dama cikin kofin har wuyan hannu. Ya danna shi a gefen dama na inda ta nuna, ya daɗe bai cire ba. Da ya janye, ga tafin hannu shuɗi, yatsu biyar a miƙe, kusa da farin wuri.

"Daga yau wancan ne filin da ba a sa wa kala," in ji Umma, tana nuna farin wurin.

Ɗigo ta buga farin wurin, ta ce Kaka. Ta buga shuɗin, kalar ta kama tafinta, ta ɗago ta kalle shi.

"Appa," ta ce, wato Baffa.

Ya shiga tsohon ɗakinsa yana haɗa kaya a tsakanin katifu. Rolar fenti da burushi ya bar su a lungu. Kifin kwalin nan mai idon murfin kwalba ya sa a tsakiyar riguna. Anti ta leƙo da ruwa da sabulu.

"Jaka-a-Kafaɗa, wanke hannun mana, za ka ɓata kayanka."

Ya dubi shuɗin da ya bushe a ƙarƙashin farcensa.

"Bar shi, Anti. Ya fita da kansa."

Ya ja zif ɗin jakar. Motar da za ta ɗauke shi ba ta iso ba tukuna. Maimakon ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo kamar yadda ya saba, sai ya koma falo ya zauna kusa da Umma.

"Umma, kafin a zo. Gaya min sauran."

Darasi: In ka dawo gida bayan dogon zango, ka zauna ka saurara kafin ka fara gyara. Abin da idonka ya kira datti, wataƙila shi ne abu mafi daraja a wurin waɗanda suka zauna suka yi jinya ba ka nan. Kuma in ƙaramin yaro ya nuna maka abu, ka tambayi uwarsa me yake nufi. Ku tura wa 'yan'uwanmu da ke nesa da gida, ko wani zai karanta kafin ya ɗauki soso.