Yarinyar da Ba Ta Gai da Gwaggo Ba

Akwai wani malamin firamare a Jibiya, sunansa Malam Zunnuraini. Wallahi duk sanda na tuna labarinsa sai takaici ya kama ni.

A makaranta ba ka da abin cewa a kansa. In yaro ya kasa karatu, zama yake ya bincika: yunwa ce, ko ciwo, ko tsoro? Yana da wata magana da ya taho da ita daga kwalejin horon malamai, har abokan aikinsa sun haddace ta: "Kafin ka ce yaro ya ƙi, fara duba ko iyawa ce bai yi ba."

Amma da an tashi, nan bakin aji yake ajiye ilimin tare da alli. In ya shigo gida sai tsawa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Yana da ɗiya, Mu'minat, 'yar aji huɗu a makarantar da ke kusa da gidansu. Yarinya mai son karatu kamar me. Laifinta ɗaya a unguwa: wai ba ta gaida manya. Liman ya wuce, shiru. Maƙwabci ya wuce, shiru.

Ranar kasuwa abin ya kai maƙura. Gwaggo Fatimatu, ƙanwar mahaifin Malam, ta zo daga Daddara sayar da gero. Tana tsaye a tsallaken titi, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su ƙetara Maraɗi, sai ta hango Mu'minat an aike ta. Ta ƙwala kira, ƙugin motoci ya haɗiye muryar. Ta ɗaga hannu har ya gaji. Yarinya ta juyo, ta ƙanƙance ido, ta yi gaba abinta.

Gwaggo ko sallamar kirki ba ta yi ba da ta shigo gidan.

"Zunnuraini, ni ɗiyarka za ta harara a bainar jama'a? Ni da na goye ka? In bokon ku ke nan, Allah ya sawwaƙe!"

Malam ya zabura. "Ke! Zo nan! Mi Gwaggo ta yi miki?"

"Baba, wallahi ban gan ta ba."

"Ƙarya kuma? Mutum kamar Gwaggo, da rana tsaka?"

Ya zaro wayar rediyo ya zane ta. Matarsa Salmatu ta shiga tsakani.

"Malam, a bi a hankali. Kwanan baya ma saura ƙiris mai babur da jarkokin fetur ya kwashe ta, ta ce ba ta hango shi ba."

"Sakarci ne! Mai ganin allo ce za ta kasa ganin mutum?"

Kai jama'a! Malami guda, bai tsaya ya tambayi inda take zama a aji ba. Don 'yar malam ce, tun aji ɗaya a bencin gaba ake ajiye ta, hancinta kamar ya taɓa allo.

Nan take ya yanke hukunci. Da an gama jarrabawa za ta bi Gwaggo Daddara, makaranta kuma an jingine ta sai ta koyi ladabi. Har jakar kayanta ya sa aka haɗa. Mu'minat ta yi kuka har muryarta ta dishe, uban ko a jikinsa.

Ana gobe tafiya, da la'asar, aka yi sallama da Malam. Wani manomi ne daga Mazanya, Haggai, riƙe da ƙwarya cike da ƙwan zabi. Tare da shi akwai ɗansa Filemon, ɗan ajin Malam, sanye da sabon tabarau.

"Malam, godiya na zo yi. Da ba ka ce in kai shi asibiti a duba idonsa ba, da na illata yaron nan da duka."

Malam ya gyara zama a tabarma, yana jin daɗi. "Ai aikinmu ne."

"A'a, bari in faɗa. In ce kori awaki can ƙarshen gona, ya tsaya yana ƙanƙance ido. Manya su wuce, ba gaisuwa. Har fastonmu ya kawo mini ƙara. Ni kuwa in ce raini ne. Sai kai ka ce mini, kafin in ce ya ƙi, in duba ko iyawa ce bai yi ba."

Daidai nan Mu'minat ta fito daga cikin gida da kofin ruwa. Ta tsaya a bakin zaure, ta ƙanƙance ido tana neman inda baƙon yake.

Murmushin Malam ya ɗauke. Bai ƙara jin abin da Haggai ke faɗi ba.

Da baƙi suka tafi, ya ce wa Salmatu ta tsaya da yarinyar a ƙofar gida. Shi kuma ya zaga ta baya, ya cire hularsa, ya tsaya gindin dalbejiyar da ke tsallaken hanya, bai ce uffan ba.

Salmatu ta nuna shi. "Wane ne wancan?"

Mu'minat ta duba, ta sake dubawa. Jikinta ya fara rawa.

"Inna, don Allah ki ce ya yi magana. In ya yi magana zan gane shi, sai in gaishe shi. Kar a faɗa wa Baba."

Malam ya ji da kunnensa. Ya zauna nan kan saiwar bishiya yana salati.

Washegari an yi tafiya, amma Katsina aka nufa, asibitin ido. Likita ya ce Mu'minat ta daɗe ba ta gani daga nesa, ya tambaya ko ba wanda ya lura a gida. Malam ya sunkuyar da kai. Da aka tambaye shi sana'arsa, da ƙyar ya iya faɗa.

Ranar kasuwa ta zagayo. Mu'minat na sanye da tabarau, hannunta cikin na ubanta, ta hango Gwaggo tun daga tsallaken titi. Suka ƙetara, ta durƙusa har ƙasa. Gwaggo ta kama baki, hawaye ya zubo mata.

A hanyar komawa yarinyar ta ɗago ta dubi ubanta.

"Baba, ashe kowa daga nesa yake gane mutane? Ni na ɗauka ni kaɗai ce marar tarbiyya."

Darasi: Ilimin da ka samo a makaranta, 'ya'yanka ne suka fi kowa haƙƙi a kansa. Haƙurin da kake yi da ɗan wani a wurin aiki, shigo da shi gidanka. Kafin ka ɗaga bulala, tambayi yaro, ka saurare shi, ka bincika. Don Allah ku tura wa iyaye da malamai, wataƙila akwai wata Mu'minat da ake zanewa yau a kan abin da ba laifinta ba.