Ɗan Garuwan Da Ya Kai 'Yarsa Koyon Aikin Lantarki

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da wutar lantarki ta fara shiga gidaje. Sunansa Tanimu, ɗan garuwa ne, bawan Allah marar hayaniya. Da aka buɗe makarantar koyon sana'a a garin, 'yarsa Kulu ta ce masa, "Baba, aikin wuta nake so."

Ya kai ta da kansa. Mai rajista ya ɗaga kai ya ce, "Ɗinki dai ko?" Tanimu ya ce, "Wuta ta ce, ranka ya daɗe. Rubuta wuta."

Jama'a, ku saurara! Gari ya ɗauka. Mace da filaya? Mace a kan tsani? Gidaje suka daina sayen ruwansa. Wani attajiri, Alhaji Shu'aibu, ya tare shi a ƙofar masallaci, ya sa ƙafa ya tuntsurar da garwarsa, ya ce, "Ruwan wanda ya mai da 'yarsa ƙato ba ya shiga gidana." A ƙofar masallaci, jama'a! Tanimu ya sunkuya ya ɗauki garwarsa. Ya wuce.

Shekara biyu yana haƙuri.

Ran nan da hantsi, matar Alhajin, Hajiya Yalwa, ta je shanya, ashe wayar wuta ta saɓule ta hau igiyar ƙarfen da ake shanya a kai. Wuta ta riƙe ta. Ƙanwarta ta kamo ta, ita ma ta maƙale. Inna lillahi! Mata na ihu, maza sun cika zaure, kowa na cewa a kira wani. Ba wanda ya san inda ake kashe wutar.

Tanimu na wucewa ya ji. Wallahi bai tsaya tuna komai ba, ya yar da garwa ya ruga ya kira Kulu. Ta kutsa tana cewa, "Kar wanda ya taɓa su!" Ta zare fis ɗin mita, ta sa busasshiyar taɓarya ta ture wayar. Duka biyun suka rayu, amma yatsun Hajiya uku sun ƙone har abada.

Da la'asar Alhaji ya zo gidan Tanimu, ya durƙusa a gabansa. Kun san abin da bawan Allahn nan ya ce? Tanimu ya kama hannunsa ya ce, "Tashi, Alhaji. Yaya jikin Hajiya?"

Shi ke nan abin da ya ce!

To 'yan uwa, sana'ar halal ba ta da namiji, ba ta da mace, kuma mai haƙuri ba ya taɓewa a wurin Allah. Yau a gidajenku akwai yarinyar da ta ce tana son koyon wani aiki, kuka yi mata dariya don tsoron bakin mutane. Bakin mutane ba zai tsaya muku ranar hisabi ba. Ku koma gida ku sake tambayarta, wannan karon ku saurare ta. Allah Ya sa mu gyara.