Haladu da Injin Yayansa

Haladu mutum ne mai gaggawa, kuma irin mutanen nan ne da ba a gama gaya musu magana sai sun ce sun sani. Ya daɗe yana acaɓa a birni. Da aka hana sana'ar, sai ya tattaro iyalinsa ya dawo Wudil hannu rabbana. Yayansa Maikano ne ya rufa masa asiri, ya ɗora shi a kan kwale-kwalensa mai inji, wanda yake tsallako da manoman fadama da kayan gwarinsu zuwa kasuwa. Wannan tsohon injin shi ne tukunyar gidaje biyu. Ranar da bai tashi ba, ranar ba a ɗora girki da wuri.

Injin kuwa ya tsufa, ya kuma gaji kamar mai shi. Kafin ya tashi sai an ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, in ya tashi kuma ya turnuƙe bakin kogi da shuɗin hayaƙi. Haladu ya ce ƙishin baƙin mai yake ji, ya riƙa antaya masa a cikin fetur ba awo. Hayaƙi ya ƙaru, tashi ya ƙara wuya.

Wata Alhamis da la'asar injin ya ƙi tashi ƙememe. Haladu ya ja igiya, ya ja, har ya zauna daɓas a kan yashi yana haki. Maikano na shirin tafiya ta'aziyya Darki, ya biyo ta wurin.

"Mai ne ya yi masa yawa, ya jiƙa fulogi," in ji Maikano. "Ka zubar da wannan haɗin, ka wanke fulogin. Amma don Allah kar ka tashe shi a tudu. Wannan ba babur ba ne, ruwan kogi yake zuƙa ya huce. In ka tashe shi, ka duba bayansa ka ga yana tsartar da ruwa."

"Haba Yaya, inji ai inji ne. Ni da na sha kwance babur a bakin titi?"

Maikano ya sa takalmansa ya wuce.

Haladu ya ga zaman bakin kogi ɓata lokaci ne. Ya kwance injin, ya kai shi gida Sabon Gari, ya ɗaure shi a jikin benci a ƙofar gida. Ya wanke fulogi, ya sake haɗin mai, ya ja igiya. Sai ga inji ya tashi! Daɗi ya kashe shi. Ya riƙa murɗa masa wuta yadda yake yi wa babur, don maƙwabta su ji aikin gwani. Ya ji ƙaurin roba, ya ce yara ne ke ƙona shara. Bai san 'yar robar da ke tura ruwa cikin injin ce take narkewa a bushe ba.

Da safiyar Juma'a, ranar kasuwa, aka cika jirgi da kwandunan tumatir da masu su. Inji ya tashi a ja na farko, Haladu yana ta washe baki, ko waiwayen bayan injin bai yi ba, balle ya ga ko yana tsartar da ruwa. Suna tsakiyar kogi sai wani farin hayaƙi ya taso, mai zafi, ba irin na kullum ba. Wani dattijo ya ce, "Ɗan nan, kashe shi mu gani mana." Haladu ya ce saura kaɗan su kai, ya ƙara wuta. Injin ya yi wata ƙara, ya yi tsit. Haladu ya kama igiya zai ja, ta ƙi motsi.

Ruwa ya ja su can ƙasa. Da ƙyar masunta suka janyo su gaɓa, rana ta take, motocin masu sayen tumatir sun riga sun yi lodi sun tafi.

Da yamma bakanike ya buɗe injin a gaban 'yan'uwan biyu, ya girgiza kai. Ya ce ya buga, cikinsa ya narke, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Haladu ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, har so yake a zage shi ko ya ji sanyi. Maikano bai zage shi ba. Ya daɗe yana shafa murfin injin, sannan ya miƙe da ƙyar, yana dafe da ƙugu.

"Ka nemo mana gorar tuƙa jirgi guda biyu kafin asuba," ya ce. "Ka zaɓa min mara nauyi, hannuna ba kamar da ba ne."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sanin wani abu ba ya nufin sanin komai. Kowace sana'a da ƙa'idarta, kuma wanda ya riga ka cikinta ya cancanci ka saurare shi har ya kai ƙarshen maganarsa. Mai gaggawa da girman kai ba kansa kaɗai yake cuta ba, sau da yawa wanda ya taimake shi ne yake ɗaukar wahalar.