Kunkuru da Muryar Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo, muna saurare.

Kunkuru ke riƙe da kalmar sirrin rumbun kamfanin Giwa, inda dabbobi ke ajiyar hatsinsu. Ran nan Dila ya bugo waya, ya kwaikwayi muryar Giwa.

"Kunkuru, faɗa min kalmar nan, na manta."

"Ranki ya daɗe, doka ta ce sai ido da ido."

"Ni za ka karanta wa doka? Ni da na yi maka aure?"

Kunya ta kama Kunkuru, ya faɗa. Kafin la'asar Dila ya buɗe rumbu da kalmar, ya kwashe hatsin, rumbu wayam.

Giwa ta ce, "Me ya hana ka kira ni ka tabbatar?"

"Uwar ɗakina, wa ya isa ya tuhumi babba?"

Yunwa ta watsa dabbobi. Kunkuru ya cusa kai cikin ƙoƙon bayansa, har yau bai iya haɗa ido da kowa.

Ƙurunƙus kan ɓera.