Sunan Jikar Gittel

Ku matso kusa. Yau ba labarin dariya na zo da shi ba, kuma hukuncinsa a bakinku yake.

A zamanin yaƙin duniya na biyu, a wani ƙaramin gari na ƙasar Polan, an yi wata yarinya Bayahudiya mai suna Gittel, 'yar wani mai gyaran agogo. Tana gab da zama budurwa sojojin Nazi na Jamus suka shigo garin, suna bin Yahudawa gida-gida suna cusa su a jirgin ƙasa. Wanda aka tafi da shi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa.

Bayan an kama uban, uwarta ta rungumi jinjirinta, ta ja hannun Gittel zuwa gonar Jadwiga, wata Kirista da ke kawo musu madara. Jadwiga ta san duk wanda ya ɓoye Bayahude kashe shi ake yi. Ta dube su ta ce, "Babbar zan iya. Jinjirin zai yi kuka, ya tona mu duka."

Uwar ta juya da jinjirin, ba ta waiwayo ba. Rabuwarsu ke nan.

Jadwiga ta ɓoye Gittel a ramin ajiyar dankali, ta sa mata suna Marysia, tana raba abincinta da ita. Sanyi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, sai wani maƙwabci ya kai tsegumi, sojoji suka zo suka zaƙulo yarinyar daga ramin. Gittel na cikin motar sojoji ta ga an rataye Jadwiga a ƙofar gonarta.

Aka kai ta sansanin da ake hallaka Yahudawa. A bakin ƙofa wani hafsa ke tantancewa: mai ƙarfi a kai shi bauta, rarrauna a kai shi ɗakin iskar guba. Gittel kuwa zaman rami ya mai da ita fara fat, duk ta rame. Wata tela mai suna Hinda, da ke bayanta a layi, ta ciji yatsanta, ta shafa mata jinin a kumatu, ta ce wa hafsan, "'Yata ce, ranka ya daɗe. Ta fi ni iya ɗinki."

Gittel ba ta taɓa riƙe allura ba. Hinda ke ɗinka rabonsu su biyu, har idanunta suka soma dushewa. Sai dai Ruchla take kiranta, sunan 'yarta da ta mutu a jirgi, kuma Gittel ba ta taɓa sanin ko ita Hinda ke gani ko mamaciyar ba. Ana gab da ƙare yaƙin zazzaɓi ya ɗauke Hinda, tana riƙe da hannun Gittel tana kiran Ruchla.

Da aka buɗe sansanin, Gittel na kwance cikin masu jiran mutuwa. Ta ƙi ci, ta ƙi sha. In ma'aikatan jinya sun tambayi sunanta, sai ta nuna musu lambar fursuna da sojojin Nazi suka zana mata a hannu. Rannan wata mata ta zo wucewa, ta tsaya cak. Perla ce, mai sayar da kifi a kasuwar garinsu, mace mai kaifin baki wadda ba ta taɓa shiri da uwar Gittel ba.

"Ke ba Gittel ba ce, 'yar Mendel mai agogo?"

Gittel ta juya fuska bango.

"Buɗe baki, 'yar nan!" in ji Perla, ta ɗago kanta da ƙarfi. "A unguwarmu kaf ni da ke muka rage. In kin mutu, wa zai taya ni tuna su?"

Da faɗa da cokali ta tashe ta. Perla ba ta sa wuyanta a igiya ba, don yaƙi ya riga ya ƙare. Amma ita ta riƙe Gittel har ta aurar da ita, kuma kowace Juma'a sai ta zaunar da ita sun kira sunayen mutanen unguwarsu, gida bayan gida, har da jinjirin nan. Haka suka yi har Perla ta tsufa ta rasu.

Shekaru suka ja, Gittel ta yi furfura a wata ƙasa mai nisa. Aka haifa mata jika mace, ta fari. A al'adar mutanensu, sunan wanda ya rasu ake sa wa jariri, don kada sunan ya ɓace. Ɗanta ya ɗora mata jaririyar a cinya, ya ce, "Mama, suna ɗaya za mu sa, kuma ke za ki zaɓa."

Gittel ta dubi yarinyar. Cikin matan nan uku da suka cece ta, duk wadda sunanta ya zo mata, sai ta ga sauran biyun tsaye suna kallonta.

To, jama'a, Jadwiga ce, ko Hinda, ko Perla? Sunan wa ya fi cancanta a sa wa yarinyar nan?