Tayoyin Ƙasar Sanyi a Hanyar Marwa

Akwai wani ɗan kasuwa a Garwa, sunansa Abdussalam, wanda ya sauko da wata baƙar mota ƙirar Jamus daga Duwala. Gajeriyar mota ce mai faɗin taya, irin wadda za ka ji ƙararta kafin ka gan ta. Bai taɓa tuƙa ta a hankali ba. Cikin wata takwas tayoyin suka suɗe.

Ranar wata Asabar za a yi sunan 'yar ƙanwarsa a Marwa, ya kuma yi wa mahaifiyarsa, Hajiya Iyatu, alkawarin shi zai kai ta.

Ranar Alhamis ya je wurin masu tayoyin okaziyo, waɗanda aka gama amfani da su a Turai aka kwaso mana. Ya zaɓa yadda kowa yake zaɓa: ya cusa babban yatsa cikin zanen taya, in ya nutse, to taya ta yi. Ya sami guda huɗu masu zurfin zane, an shafe su da mai suna ƙyalli.

Ya kawo su shagon kawunsa, Alhaji Hassan, ƙanen Hajiya, domin a nan ne akwai injin da ke sa taya ba tare da ya karce wili ba. Mai riƙe da injin wata mata ce 'yar Mokolo, garin cikin duwatsu, sunanta Germaine. Da shara ta fara a shagon, shekara goma sha bakwai da suka wuce.

Ta mirgina tayoyin ɗaya bayan ɗaya, tana goge gefensu da tsumma tana karantawa. Ta daɗe.

"Malam Abdussalam, ba zan sa waɗannan ba."

"Ban ji ba."

"Ka ji. Matso ka gani." Ta ɗora yatsa. "Wannan ɗan hoton dutse, abin da ke cikinsa ƙanƙara ce. Don ƙasar sanyi aka yi tayar, robarta laushi gare ta. Mu kuwa Afrilu muke ciki, kwaltar azahar ko takalmi ba ta bari. Lambobi huɗun nan mako ne da shekarar da aka yi ta. Shekararta goma sha ɗaya. Ga ƙananan tsagu a gefe. Wannan harafin kuma iyakar gudunta ne, bai kai wanda aka rubuta a ƙofar motarka ba."

Abdussalam ya juya ga masu jira a benci yana dariya.

"Kun ji farfesa. Ga dutse nan sak na Mindif, mai sayarwa ya ce tayar hawan dutse ce. Ke da kika sauko daga dutse da tulu a ka, ke ce za ki koya mini mota?"

"Ban taɓa tuƙa irin motarka ba," in ji ta. "Amma na ga yadda ake jawo motocin da irin wannan taya ta fashe musu. In mun yi waya yau, tayoyi daidai da motarka za su iso daga Duwala ranar Talata. Kafin nan ka bi bas ɗin ajans, na kamfanin sufuri."

"Ajans? Uwata cikin motar haya, ina da wannan a ƙofar gida?"

Germaine ta ajiye tsumman. "Da Hajiya za ka?"

"Ina ruwanki?"

"To yanzu kam ko wa ya ce in sa, ba zan sa ba."

Ya shiga ofis da ihu. Har bakin titi ana jin sa. "Kawu, ma'aikaciyarka ta tozarta ni a gaban mutane. Yau ko ni ko ita."

Alhaji Hassan, wanda ma'aikatansa ke kira Patron, ya fito yana gyara hula. Ya san aikin Germaine fiye da kowa. Duk da haka ya ce, "Germaine, ki sa masa. Motarsa ce."

"Motarsa ce, Patron. Amma yayarka ce za ta zauna a ciki."

Alhaji bai ko sunkuya ya dubi tayar ba. Idon mutane ya duba, ya ga an mayar masa da magana a shagonsa. Ya ce ta ajiye makullin injin ta tafi gida. Aikin shekara goma sha bakwai ya ƙare cikin minti biyar, saboda ta ƙi yi wa mai kuɗi ƙarya.

Da yamma wani mai faci a bakin hanya ya buga tayoyin da guduma da ƙarfe, bai tambayi komai ba.

Washegari bayan an sauko daga masallacin Juma'a, Germaine ta yi sallama a gidan Hajiya Iyatu. Ta durƙusa nesa da tabarma, ta kira ta Dada, yadda ake kiran uwa da Fillanci.

"Dada, ban zo neman a mayar da ni aiki ba. Na zo in roƙe ki, gobe kada ki shiga motar nan."

Hajiya ta riga ta ji labarin daga bakin ɗanta, fuskarta a ɗaure. "Wato bai ishe ki a shago ba, sai kin biyo shi gida kin yi masa mugun baki?"

"Ba baki ba ne, Dada. Kin san silifa in ya daɗe a ajiye, a ido sabo, ranar da aka taka shi ya tsinke? Haka tayoyin nan suke. Ga zafi, ga gudunsa."

"Ke me za ki samu in ban shiga ba?"

"Ba komai. Aikin ma ya riga ya tafi."

Hajiya ta ce, "Shi Abdussalam fa?"

"Na faɗa masa, ya zage ni. Ke ki faɗa masa, ko zai ji."

Da safiyar Asabar Hajiya ta ce ajans za ta bi, shi ma ya ajiye motar ya biyo ta. Abdussalam ya tashi tsaye.

"Hajiya, maganar waccan matar kika ɗauka kika bar tawa?"

"Maganar wadda ta rasa abincinta a kaina na ɗauka. Don Allah ka zo mu tafi tare."

"Ki je. Sai na karya, na yi wanka, kuma zan riga ki shiga Marwa."

Sau uku ta roƙe shi. Ya shige ɗaki ya bar ta a tsaye.

Bai tashi ba sai da rana ta take, bas ɗin ma bai cika ya tashi da wuri ba. Gaba da garin Figil kaɗan ya cim ma bas ɗin, ya wuce shi yana danna ham don ta san shi ne. Hajiya ta ga baƙar motar ta taga, ta rufe ido.

Ba a yi minti goma ba direban bas ya taka birki.

Tayar baya ta dama ta saɓule, zanenta ya ɓare ya zube a kan kwalta kamar ɓawon itace. Motar ta juya sau biyu, gefen dama ya daki bishiya. Abdussalam yana da rai, fasinjoji suka zaro shi da karyayyar cinya da haƙarƙari uku. Kujerar gefen direba kuwa ƙofa ta shige cikinta har ta haɗe da sandar giya.

Hajiya ta tsaya a gaban wannan kujera. Ba wanda ya iya janye ta sai da aka ce za a tafi da ɗanta.

Ba ta ga suna ba. A asibitin Garwa ta yi kwanakin. Rana ta uku da bakinsa ya buɗe, Abdussalam ya ce, "Hajiya, ƙaddara ce."

"Ƙaddara gaskiya ce," in ji ta. "Amma da yatsa aka nuna maka, kai kuma ka tsaya zagin garin matar. Ka yi mini shiru."

Daga nan ta wuce shagon ƙanenta, ta zauna a bencin masu jira, ta ƙi shiga ofis.

"Hassan, da kai ne kaɗai gatana, da yau kana karɓar gaisuwar mutuwata. Ka san matar nan ta fi ku sanin taya, kai da shi. Ba zan tashi ba sai ka je wurinta da ƙafarka. Ba aike ba."

Alhaji ya je har unguwar Yelwa, ya tsaya a ƙofar gidan Germaine cikin rana. Ta saurare shi har ya gama.

"Zan dawo, Patron. Amma tayar da na ce a'a, a'a ce, ko ta ɗan cikinka ce."

Ya ce ya ji.

Abdussalam har yau yana ɗingishi. Kuma har yau bai taka ya je ya ba ta haƙuri ba.

Darasi: Zurfin zane ba shi ne lafiyar taya ba. Ka duba shekararta, ka duba ko don zafi aka yi ta ko don sanyi, ka duba ko ta dace da gudun motarka. In wanda ya san aiki ya ce maka a'a, kada ka dubi garinsu ko tsufan rigarsa, domin girman kanka ba kai kaɗai yake ɗauka a mota ba. Ku tura wa duk mai shirin canza taya, tun bai ɗauki iyalinsa ya hau hanya ba.