Mabuɗin Zauren Inna Tasalla

Ku gyara zama, ga wata na kawo muku, kuma ba zan tashi ba sai kun yanke mata hukunci.

A wata tsohuwar unguwar Hausawa a birnin Ikko akwai wata tsohuwa, Inna Tasalla. Mijinta, Malam Buwari, fataucin goro ya kawo shi kudu tun yana saurayi, ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da wani tsohon gidan kwano wanda ruwan sama ya gama cinyewa. Filin gidan kuwa abin dariya ne, faɗinsa taku goma sha biyu, tsawonsa ashirin, dama da hagu maƙwabta sun tayar da benaye sun matse shi kamar nama a tsinke. Saboda ƙuncin wurin 'ya'yan suka watse gidajen haya, wannan gabas wancan yamma. Jikokinta sai ranar Sallah take ganinsu, in ta yi musu magana da Hausa su kalli bakinta su yi murmushi. Wannan abu yana ci mata rai fiye da ciwon gwiwar da ya hana ta tafiya.

Ran nan ta tara su ukun, ta kwance wani tsohon mabuɗi daga bakin zanenta ta nuna musu. Mabuɗin zauren mahaifinsu ne, kuma a gidan nan wanda ya riƙe shi shi ne babba, da sunansa ake kiran gida. Ta ce, "Na haura tamanin. Ina so kafin in koma ga Allah in farka da safe in ji muryar jikokina duka a gida ɗaya, a kan wannan ƙasar da ubanku ya bari. Wanda ya yi mini wannan, mabuɗin nasa ne." Aka ƙirga masu shiga gidan, mutum goma sha bakwai. Aka dubi filin, aka dubi juna.

Babban ɗanta Mamuda injiniya ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda ko shayi aka ba shi sai ya duba gindin kofi. Tun da faɗi babu, dole gida ya yi sama, shi kuwa sai ya fara da duban ƙasa. Ya sa aka haƙa rami, ba a kai ƙirjin mutum ba ruwa ya ɓuɓɓugo. Ashe wani tsohon rafi ne aka cike da shara tun kafin a haife shi, a kansa suka girma ba su sani ba. Magina suka ce a zuba duwatsu a wuce, haka kowa ya yi a layin. Mamuda ya ƙi. Ya yi makonni yana awo yana lissafi, har ya gano inda ƙasa mai tauri take, can ƙarƙashin laka. Ya tsara ginshiƙai goma sha huɗu da za a kafa su tsaya a kanta, ya ɗaga daɓen gidan kamu biyu sama da titi, da ɗan gangare saboda ƙafar Inna. Tsohuwar ta leƙa ramin ta ga ƙarfe yana nutsewa cikin ƙasa ba ya ƙarewa, ta riƙe baki, don ba ta taɓa sanin gida yana da saiwa ba.

Ta biyu, Yalwa, zanen gine-gine ta karanta. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, kuma ita ce ta gaji kaifin bakin uwarta. Matsalarta ita ce iska. Garin nan zafinsa mai gumi ne, ga shi ba halin fasa taga ta dama ko ta hagu, sai dai mutum ya buɗe ya ga bangon maƙwabci. In aka jera ɗakuna hawa uku a haka, tanda aka gina wa mutane. Ta yi zane ta yaga, ta sake ta yaga, har ta tuna tsakar gidan kakarta a arewa. Sai ta ɗauki tsakar gida ta tsayar da ita tsaye. Ta bar fili a tsakiyar ginin, buɗe tun daga ƙasa har sararin sama, kowane ɗaki da tagarsa a ciki. Bangon gaba ta yi shi da bulo mai huji-huji, iskar teku ta shigo ta nan, zafi ya tashi ya fice ta sama. Ta samar wa zaure wurinsa, kowane hawa da madafarsa, ƙarƙashin matakala wurin ajiyar buhuna, kan rufi wurin shanya da hirar mata. Ta haɗa ɗan gidan da kwali ta kawo. Inna ta sa fuskarta a bakinsa ta hura, ta ji numfashinta ya fito ta sama ya taɓa mata goshi, ta ce, "Ikon Allah. Gida mai numfashi."

Kowa ya yaba. Matar Mamuda da matar autan gidan suka sunkuyar da kai suka ce ya yi kyau ƙwarai. Daga ranar kuwa sai uzuri ya fara fitowa. Wannan ta ce makarantar yara ta yi nisa, waccan ta ce ta saba da maƙwabtanta. Inna ta ga alamar za a gina gida a bar ta ciki ita da Yalwa, ta rasa dalili, abinci ya daina shigar mata.

Autan, Ilu, tela ne, bai wuce firamare ba, kuma in ana taron gida shi ake aika sayen ruwan sanyi duk da furfurar da ta fara fito masa. Amma sana'arsa ta koya masa gane mutumin da ya ce riga ta yi alhali tana matse shi. Ya zaunar da matarsa Baraka, ya lallashe ta har ta buɗe baki. Ta ce, "Baban Hajara, shekara goma sha ɗaya ban taɓa wucewa gaban Inna da takalmi ba. Yanzu tana kwance a ƙasa, ni in yi shara a kanta, in yi daka a kanta, in kwana a kanta? Wallahi gara in tsufa a haya." Ashe dalilin ke nan. Ɗakin Inna yana hawan ƙasa saboda gwiwarta, ɗakunan surukanta kuwa daidai saman kanta. Masu ilimi biyu sun auna ƙasa sun auna iska, sun manta da kunya.

Aka ce to a mai da Inna hawan ƙarshe. Ta ce ita ba tantabara ba ce, kuma ba za ta yarda a riƙa ɗaukarta kamar buhu ba. Yalwa ta juya zanen ta kowace fuska, duk inda ta ajiye ɗakin sai a sami wani a samansa. Ilu ya ce, "Yaya, ba ni kwalin nan in gani." Ya ɗauki almakashinsa ya yanke ɗakin Inna daga inda yake, ya ajiye shi a gindin wannan fili da aka bari a tsakiya, inda babu komai a sama sai gajimare. Rabin tsakar gidan ya zama ɗaki mai ɗan rufinsa, rabi ya rage don tabarma da buta. Hawa uku suka kewaye shi, babu ƙafar da za ta bi ta kansa. Yalwa ta duba, ta ɗauki alƙalami ta gyara zanen. Baraka kuwa a ranar ta fara tambayar ina za ta sa gadonta.

Aka gina gida, aka tare. Damina ta farko aka yi ruwan kwana uku ba ƙaƙƙautawa, titi ya zama kogi, katangar wani bene a layin ta tsage aka kwashe mutanen ciki. Gidan Inna ko gezau. Da gari ya waye rana ta huɗu, tana kishingiɗe a bakin ɗakinta, haske ya sauko mata daga can sama, iska mai sanyi na ratsa ta ba fanka. Sai ga muryoyi suna gangarowa hawa bayan hawa, wannan na neman takalminsa, waccan na kukan an shanye mata kunu. Wata 'yar ƙarama ta leƙo daga hawa na uku ta ce da Hausa tsantsa, "Inna, kin tashi lafiya?" Tsohuwa ta so ta amsa, kuka ya riga ta. Ni kaina da na shiga gidan na ɗaga kai, sai da tsigar jikina ta tashi.

Ta sa aka kira mata su ukun, ta kwance mabuɗin. Ta dubi Mamuda, ta san ba don shi ba da yanzu suna cikin laka. Ta juya ga Yalwa, wadda ta shigar da mutum goma sha bakwai cikin taku goma sha biyu kuma kowa na numfashi. Ga Ilu a tsugune can gefe, wanda ba don almakashinsa ba da ɗakunan nan ƙadangaru ne a ciki. Hannunta ya yi nan ya dawo, ya yi can ya dawo. Mabuɗi ɗaya ne, ba ya kuma rabuwa. Ta ajiye shi a kan tabarma tsakaninsu, har yanzu babu wanda ya miƙa hannu.

To, ku da kuka ji, Mamuda ne, ko Yalwa, ko Ilu? Wane ne a cikinsu ya cancanci ya ɗauki mabuɗin nan?